A Duba Ƙarfen Kafin A Kira Ɗan Gwangwan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan tsofaffin motocin da ke jibge a lungunan Kano, da kuma aikin da na shafe shekara biyu da 'yan watanni ina yi a kan ɗaya daga cikinsu a harabar gidana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon jiya ina dawowa daga jana'iza na tarar da wasu samari uku a bakin wani lungu sun tasa wata Peugeot 504 a gaba da gatari da guduma da kurfi. Na roƙe su su dakata in duba ta, suka dakata suna kallona kamar wanda ya zautu. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, na ƙwanƙwasa dokin ƙofofinta huɗu, na ɗaga shimfiɗar da ke ƙasan kujeru, ban ga inda tsatsa ta huda ko da girman ƙwayar gero ba. Magada ne suka sayar da ita a kan kilo, domin suna son gina shago a inda take tsaye. Da na sake bi ta wurin bayan la'asar, sai ɓaraguzan gilashi da tabon baƙin mai kawai na tarar.

Ban ga laifin samarin ba, sana'arsu ke nan, kuma ƙarfen da suke tarawa masana'antu yake komawa a narka shi a yi rodin gini. Magadan ma ba zan zarge su ba, tunda a idonsu tarkace ne ya tare musu wuri, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya duba ƙarfen kafin a yanke mata hukunci. Mu a nan da inji muke auna mota: in ta tashi tana da rai, in ta ƙi tashi ta mutu. Alhali kuwa inji ya fi komai sauƙin magani, domin ko dai ka samo wani a Ƙofar Ruwa, ko bakanike ya sauke naka ya yi masa garambawul cikin 'yan kwanaki. Bodi ne ba a sayo sabonsa a kowace kasuwa. Idan ya ruɓe motar ta tafi, idan kuwa yana da lafiya, duk sauran abin da ya lalace a jikinta mai gyaruwa ne.

Matasan da suka buɗe ido suka tarar da motocin Kwatano sun cika titi wataƙila ba su san abin da ake sarewa ba. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, a shekarar da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar da ma'aikaci ke saye da bashin mota, ita ce tasi, doguwarta ce ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Jos da Maiduguri da Sakkwato, a-kori-kurarta kuma ke dakon hatsi. Duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan, da wuya a ce ba a taɓa kai shi makaranta ko asibiti ko ɗaurin aure a cikin Fijo ba, kuma hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaure notocinta.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi mana wadda ba mu lura da ita ba. Tsatsa ba ta cin ƙarfe sai ta sami danshi da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri matuƙa. A Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara, shi ya sa tsofaffin motocinsu suke ruɓewa daga ƙasa, a Legas kuma iskar teku ke yin irin wannan ɓarnar. Kano tana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, ruwan samanta na 'yan watanni ne, sauran shekarar kuma a bushe take ƙayau. Saboda haka motar da takwarorinta suka daɗe da zama ƙasa a ƙasar da aka ƙirƙiro ta, a nan za ka iske ta tsaye da ƙarfenta garau. Rana ce abokiyar gabarmu. Ita ke ƙone fenti har ya koma kamar toka, ta busar da robobi su tsattsage, ta farfasa kujeru, sai mota ta yi kamannin gawa alhali fatarta ce kawai ta ƙone.

Tawa motar mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa a 1980. Bayan rasuwarsa ta faɗo cikin rabona na gado saboda babu wanda ya nuna yana so, na ja ta na ajiye a ƙarƙashin darbejiya da niyyar in duba ta bayan Sallah, sai ga shi ta yi shekara goma sha bakwai a wurin. Ni malamin makaranta ne, alli da jan biro na sani, ban taɓa riƙe giranda ba sai da na yi ritaya. Na faɗi haka ne domin kada wani ya ɗauka sai mai sana'ar hannu ke iya wannan aiki. Kashi mafi yawa nasa kwancewa ne da kankarewa da gogewa, waɗanda lokaci suke ci fiye da gwaninta, lokaci kuwa shi ne abin da ɗan fansho ya fi kowa wadata da shi.

Kafin in taɓa komai na je na ɗauko wani dattijo fanal bita da ya fara sana'a tun zamanin Fijo 404, wanda yanzu ƙarfinsa ya ragu, yaransa ke riƙe da garejin. Bai zo da kayan aiki ba sai maganaɗisun da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, ya naɗe shi a tsumma domin kada ya karce fenti. Ya riƙa bin jikin motar da shi a hankali, taki bayan taki, maganaɗisun yana kama ƙarfe yana cewa ƙwas, har ya iso gefen baya na hagu, a saman taya, inda ya sake shi ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Sai ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, muka ji sauti kamar na bango, ya dube ni ya ce, "Malam, nan ba ƙira aka yi ba, yaɓe aka yi." Da muka sa kurfi muka ɓamɓare, fila muka tarar, wato kwaɓin da ake yaɓawa a cike lotsawar jikin mota, mai kaurin da ya fi babban yatsana, a bayanta akwai guntun gwangwanin madara da takardar buhun siminti da aka cusa aka toshe rami, ƙarfen da ke kewaye kuwa ya zama ja kamar garin barkono. Nan na tuna da karon da aka yi wa Baba a wajen, da yadda wani gareji ya dawo masa da motar cikin kwana uku tana ƙyalli, har yana sa musu albarka. Kyan ɗan maciji aka yi masa, kuma a duk jikin motar babu inda ya lalace kamar wurin da aka ce an gyara.

Daga nan na fara kwancewa. Na cire bamba da fitilu da gilasai da kujeru da ƙofofi da duk wani ado mai launin azurfa, kowane noti da wosha na zuba a gwangwanin tumatir na rubuta inda ya fito, kuma kafin in kwance abu sai na ɗauki hotonsa da waya, domin na san ƙwaƙwalwar da za ta mayar da shi bayan shekara biyu ba abar dogaro ba ce. Sai da motar ta koma ƙwarya zalla sannan na ga yadda tsatsar Kano take aiki, kuma ta bambanta da abin da na zata. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da aka yi domin ruwan da ya bi gilashi ya shiga ya sami mafita. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta toshe su, damina ta zo ta mayar da ƙurar laka, lakar ta kwanta a cikin ƙofar tana riƙe da danshi har bayan an girbe gero. Haka ganyen darbejiya ya taru a kwararon da ke gindin gilashin gaba ya zama taki. Mazaunin batir ruwan batir ya cinye shi, ƙasan wajen direba kuma robar gilashi ce ta tsage, ruwa yana ɗiga a kan shimfiɗa ba wanda ya sani. Wannan na ƙasa shi ne abin tsoro, domin irin wannan ƙirar ba ta da wani shasi dabam da aka ɗora bodi a kai. Daɓen motar da dokin ƙofofinta da ginshiƙanta su ne ƙashin bayanta, wanda ya lulluɓe ruɓarsu da fila ya ɗora iyalinsa a kai, ya ɗora su a kan abin da zai iya buɗewa ranar da aka yi karo.

Dattijon ya koya mini rarrabe tsatsa da sukundireba. Inda ka danna da ƙarfi bai shige ba, tsatsar ta sama ce, sai a goge ta da burushin waya har ƙarfe ya yi fari, a shafa ruwan maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ragowarta baƙa ya tsayar da cinta, sannan a rufe da faraima, wato fentin farko da ake shimfiɗawa kafin na ƙarshe, a ranar, domin ƙarfen da aka bari tsirara a damina kafin gari ya waye ya fara ja. Inda kuwa sukundireba ya shige, babu wani magani sai yanka. Ana yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a ɗora kwali a zana siffar ramin, a yanko sabon faci daidai da shi. Ƙarfen jikin mota bai cika wuce kaurin milimita ɗaya ba, don haka muka sayi mataccen bonet na wata Fijo a wajen 'yan gwangwan muka riƙa yankar faci daga jikinsa, kauri ɗaya, ƙarfe ɗaya.

Walda kam ban yi da hannuna ba, kuma ba na ba wa ɗan koyo shawarar ya fara da motar da yake ƙauna. Wutar kabaid da masu gyaran bodi suka saba da ita tana da zafi mai yaɗuwa, ƙarfe marar kauri kuma da ya sha zafi sai ya kumbura ya karkace, ka toshe rami ɗaya ka haifar da tudu uku. Wanda ya yi mini aikin ɗigo-ɗigo yake yi: ya ɗiga a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dafa jiƙaƙƙen tsumma, ya jira, facin da bai fi tafin hannu ba ya ɗauke shi fiye da awa guda. Kafin a kunna wutar kuwa sai da muka sauke tankin mai muka fitar da shi daga gidan gaba ɗaya. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa, kuma shekarun da mota ta yi a ajiye ba su zama hujjar cewa ya fita ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da dattijon ya fitar da lotsawar da ke ƙofar gaba. Ni na riga na ɗauki guduma zan daki tsakiyar ramin ta ciki, ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, inda aka daka ba nan ciwon yake ba." Ya nuna mini wani ɗan tudu da ya kewaye lotsawar kamar bakin ƙwarya, wanda ido ba ya gani sai an shafa, ya ce ƙarfen da aka tura ciki nan ya taru ya ƙulle, kuma muddin ba a kwance wannan ƙullin ba, dukan tsakiya miƙar da ƙarfen kawai zai yi ya koma yana ɓal-ɓal kamar murfin gwangwani. Ya tokara wani dunƙulen ƙarfe mai santsi ta ciki da hannun hagu, ya riƙa bin bakin tudun da ƙaramar guduma ta waje, duka marar ƙarfi kamar mai kiɗan kalangu a ɗakin mai jego, yana zagayawa yana matsowa ciki. Bayan kowane zagaye sai ya rufe ido, ya shimfiɗa ƙyalle a kan ƙofar, ya shafa da tafin hannu gaba ɗaya. Ina tsaye ina kallo ramin ya riƙa tasowa da kansa ba tare da an taɓa tsakiyarsa ba. Aikin ya ci masa yini guda, kuma da ya gama, filar da wurin ya buƙata ba ta kai cikin cokalin shayi biyu ba. Na tambaye shi ko yaransa sun iya wannan, ya ce sun gani, amma wa zai biya su kuɗin yini a kan ƙofa ɗaya alhali da fila za a gama kafin azahar?

Ba ina cewa fila haramun ba ce. An yi ta ne domin ta cike 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari, a kan ƙarfe mai tsabta, da kaurin da bai wuce milimita biyu ko uku ba. Tana shan danshi, shi ya sa in an ɗora ta a kan tsatsa ko a kan rami take zame wa ruɓa bargo. A zafin Kano kuma da ka cuɗa ta da sinadarin da ke daskarar da ita, 'yan mintoci kaɗan gare ka kafin ta sandare a kan faranti, na yi asarar rabin gwangwani kafin in koyi cuɗa kaɗan-kaɗan da sassafe. Bayanta sai guga, wadda ita ce ta cinye mini fiye da rabin lokacin aikin. Ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 180, sannan 320, in an fesa faraima a bi ta da 400 ko 600 da ruwa, kuma duk lambar da ka tsallake, karcen wadda ta gabace ta zai fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin fenti. Ba a guga da yatsu, domin yatsu rami suke bi su ƙara masa zurfi, sai dai a naɗe samfefar a jikin katako mai faɗi. Da daddare nakan kashe fitilar tsakar gida in kwantar da tocila a gefen motar, hasken ya bi jikinta a kwance, sai duk wani tudu da kwari da rana ta ɓoye mini ya fito da inuwarsa.

A nan ne kuma na yi kuskuren da ya sa nake ganin wajibi ne in ja kunnen duk mai sha'awar yin wannan aiki a cikin gida. Makonnin farko a bushe nake kankare tsohon fenti da giranda, ƙura tana tashi tana sauka a kan igiyar shanya da randa da tabarmar da jikokina ke wasa. Uwargida ce ta fara tsayar da ni, ta ce, "Malam, wannan ƙurar har cikin tuwo." Daga baya wani ɗalibina na da, wanda yanzu likita ne, ya ziyarce ni ya ga abin da nake yi, ya tuna mini cewa yawancin fentin zamanin da yana ɗauke da dalma, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ba zai raina ƙura a tsakar gida ba. Tun daga ranar na kewaye wurin da tamfol, na koma guga da ruwa, nake sa takunkumi da tabarau, nake cire kayan aiki a waje in wanke su dabam, yara kuma na hana su zuwa wurin. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, domin kukan giranda ba ya tsayawa a katanga, don haka na ƙayyade wa kaina daga hantsi zuwa azahar, ban da Juma'a.

Fenti yana da lokacinsa kamar shuka. Na fesa faraimar farko a watan Agusta da kwamfaresar haya, danshin iska ya sa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, dole na goge na sake. A tsakiyar hunturu ƙura ke sauka a kan ɗanyen fenti ya koma kamar samfefa, a bazara kuma zafi ke busar da feshin tun yana iska, ya sauka da ƙuraje kamar bawon lemo. Ɗan tsakanin da ke bayan ɗaukewar ruwa, kafin iskar hunturu ta kankama, shi ne na ga ya fi dacewa, da sassafe, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa domin ƙura ta kwanta. Amma fentin ƙarshe ban fesa a gida ba. Fentin mota na zamani da ake haɗawa da hadina, wato sinadarin da ke daskarar da shi, yana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda ke jawo asma mai tsanani, kuma takunkumin ƙyalle ko na takarda ba ya tare shi. Nakan ga yara a gareji suna feshi da hankici a hanci, a ce su sha madara ta wanke ƙirji, alhali madara ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu ba. Na gama duk shirin a gida, na sa aka ja motar zuwa wurin masu ɗakin feshi. Launin kuwa daga cikin murfin but muka ɗauko shi, inda rana ba ta taɓa gani ba tun 1980, kuma sai a ranar na gane cewa motar da na yi shekaru ina kira fara, ruwan madara ce. Na bar ta a launinta na asali, wanda ya hutar da ni gyaran takardu, tunda launin mota yana rubuce a cikinsu. Lambar shasi ma na gargaɗi mai walda kada wutarsa ta kusance ta.

Kayan jiki ba su ba ni wahalar da na zata ba. A Ƙofar Ruwa har yanzu akwai dattawan da in ka ambaci 504 za su shiga ƙuryar shago su fito da fitilar baya ko marfin tanki da ƙurar shekaru a kansa, kuma hirar da za ka sha kafin a yi ciniki ta fi kayan daraja. Robobin ƙofa da na gilashi ne suka gagara, domin tsofaffin duk rana ta kashe su, sababbin da ake samu kuma wasu ba sa zama daidai. Sai da na saya sau biyu.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin 'yan'uwana sun riga sun faɗa mini a fuska: a wannan zamani da aka cire tallafin mai tun 2023, mutane suna fama da abin da za su kai baki, wane irin almubazzaranci ne dattijo ya zauna yana zuba kuɗi a motar da ta girmi 'ya'yansa? Ba zan yi musu ƙarya in ce kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba. In na sayar da ita gobe, ba na tsammanin za ta mayar mini da abin da na kashe, balle ladan guga. Sai dai kuɗin a hankali suka fita, gwangwani ɗaya a wannan wata, samfefa a wancan, kuma mafi yawansu aljihun masu sana'ar garin nan suka shiga. Akwai masu kiwon doki domin hawan Sallah, akwai masu kiwon tattabaru, ban ji ana kiran su almubazzarai ba. Kuma ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci wahalar ba. Wadda ginshiƙanta suka ruɓe, ko ta taɓa kifewa ta karkace, a bar wa ɗan gwangwan ita, har ma gara a fara cire mata ƙofofi da gilasai da fitilu domin su rayar da wata. Abin da nake roƙo kawai shi ne a sa maganaɗisu da sukundireba a duba tukuna, aikin da bai fi rabin awa ba.

Malam Edita, motar da aka harbi Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana nan ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, mutane suna zuwa kallonta, wanda ya nuna mun yarda mota tana iya zama abin tarihi. Ina ganin tasin da ta yi shekara talatin tana zirga-zirga tsakanin Bata da Ƙofar Mazugal ita ma ta cancanci a ajiye guda ɗaya irinta a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, da fentinta na haya, kafin a nemi ko ɗaya a rasa. Roƙona na biyu gare ka ne kai tsaye. Ka tura wakilinka ya zauna da tsofaffin masu gyaran bodi na garin nan, ya rubuta yadda suke karanta ƙarfe da tafin hannu, ya ɗauki hoton gudumominsu, waɗanda da yawa su suka ƙera abinsu. Makarantun koyon sana'a ma za su amfana in suka riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa ko da sau ɗaya a mako. Wanda ya taimake ni idonsa ya fara rauni, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa rabon da wani ya kawo masa aikin guduma zalla, ba na fila ba, ya manta.

Motar tana nan a harabar gida a ƙarƙashin rumfar kwano, na sare reshen darbejiyar da ke zuba mata ganye. Saura in mayar da adon azurfa na gefen dama da shimfiɗar rufi, sannan bakanike ya zo mu ji abin da injin zai ce. Idan akwai masu irin wannan aiki a Kano ko kewayenta, ina roƙon su rubuto ta wannan shafi domin mu san juna, musamman wanda yake da robar gilashin baya ta 504 da ba ya amfani da ita.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Gwammaja, Kano.